Jar Igiya a Wuyan Hannu

A bakin tafkin Guarapiranga, kudu da São Paulo,
na sayi babur ɗin ruwa a hannun Anselmo mai gyaran firji.
Gawa na saya, gaskiya.
Kujera a yage, tsatsa ta ci ta ƙoshi,
ɓera ya yi iyali a gurbin batir.
Anselmo ya ƙirga kuɗinsa sau biyu, sannan ya ɗago:
"Valdemir, ba shi da birki fa. Ka ji?"
Na ce na ji.
Kunne ne ya ji, ni ina can tsakiyar ruwa.

Wata bakwai ina jinyarsa a gareji,
sifana a baki, baƙin mai har gwiwar hannu.
Na sauya fulogi,
na wanke kafireto da buroshin haƙorin Dalva;
ta gane, ta yi kwana biyu tana ba ni kofi ba sukari.
Ranar da ya yi tari, ya yi atishawa, ya tashi,
karen maƙwabta ya tsallake katanga,
ni kuwa na zauna a ƙasa ina dariya kamar wanda aka yi wa haihuwa.

Da na tsaya nan.
Amma wanda ya samu rana yakan nemi wata.
Na sayo farfela mai kaifin baki,
na buɗe wa salansa maƙogwaro,
na cire ɗan abin da maƙeransa suka dasa
don kada ya wuce gona da iri.
Na shafe shi da fenti ruwan ɗorawa,
a gan ni tun daga wancan ƙetare.

Lahadi, da hantsi. Ruwa kwance kamar faranti.
Iska na yankan hawaye daga gefen idona,
sai ga kwalekwale ya fito daga bayan ciyawa,
tsoho a ciki, da hular kaba da ƙugiya.

Tsoro ya ce saki mai. Na saki.
Na murɗa kai hagu.
Bai juya ba.
Ashe da ruwan da yake fesawa yake juyawa;
ka hana shi ƙarfi, ka hana kanka hanya,
abin da ke hannunka ya koma sanda.

Ban san yadda na faɗi ba.
Na dai san jar igiyar nan ta wuyan hannuna,
wadda nake ɗaurawa don kawai Dalva na kallo,
ta fizge makulli, inji ya yi shiru.
Rigar kumfa ta cicciɓo ni sama, ina aman tafki.
Babur ya sulale, ya sulale,
ya je ya taɓa gefen kwalekwale
kamar baƙo mai ƙwanƙwasa ƙofa.

Tsohon ya dube shi, ya dube ni.
Ya ce, "Ka kore mini kifi."
Bai ƙara ba. Da ya zage ni da na fi samun barci.

Daren nan na mayar da tsohuwar farfela.
Sabuwar tana rataye a ƙusa, saman teburin aiki,
tana ƙyalli, ba ta aikin kowa.

Bana Jandira ta karɓo lasisinta.
Na ja mata ɗamarar riga har ta ce, "Baba, numfashi!"
Na ɗaura mata igiyar da hannuna.
Na ce, yi nesa da masu iyo, ki bar wa masunta safiyarsu,
kada ki bi sawun jirgi don tsalle.
In abu ya ɓullo gabanki, kada ki saki mai gaba ɗaya,
ba shi kaɗan, ki juya.

Ta ce ta ji.
Na tsaya a ruwa iya gwiwa, ina leƙen fuskarta,
ina neman in gane wane ne ya ji:
ita, ko kunnen.